Laima ta Uku

Ƙarar ba ta iska ba ce, ba kuma kukan dabba ba ne. Wani fito ne siriri mai hawa yana sauka, sai tsartsa kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, can ƙarƙashi kuma muryar mace tana nitsewa tana tasowa.

Verna Lindahl ta tashi zaune a gado ta kasa kunne. Daga bayan gidansu abin yake fitowa, wajen rumfar tsoho Ansel Tubbs. Ta ɗora kwat a kan rigar barci, ta sulale ta ƙofar kicin, ta bi ta ɓarakar shinge.

Tubbs mutum ne da ba ya zubar da komai. A rumfarsa akwai ɗan maraƙi mai kai biyu a cikin kwalba, da wani baƙin dutse da ya rantse daga sama ya faɗo masa a gonar masara, da haƙoran kifin da babu irinsa a duk kogunan Nebraska. Yanzu kuma ya ƙara da rediyo mai girman akwatin amarya, ya ja mata waya tun daga saman famfon iska har cikin rumfar. Da ya ga Verna bai yi mamaki ba, kujera kawai ya tura mata da ƙafa.

Ya ce Jamus ce take magana. Kullum sai sun karanto sunayen yaran Amurka da suka kama, don mutane su zauna su saurari ƙaryarsu. Shi ƙaryar ba ta dame shi ba, sunayen yake tsinta, ya aika wa iyayensu mata da kati. Ya ce muryar ta fi fitowa in an yi sanyi, shi a ganinsa saboda teku yana kwanciya ne ya ba ta hanya.

Macen ta karanto suna, ta karanto wani. Verna tana shirin miƙewa sai ta ji, "Lowell Brandt, na jihar Ohio."

Ta dafe bakin tebur.

Ta san sunan. Shi ne mai manyan kunnuwa a hoton da saurayinta Emil ya aiko mata daga Ingila, su goma a gaban jirginsu mai jefa bama-bamai, wanda suka zana wa zakara sanye da takalmin soja a hanci. Emil Kubicek yana durƙushe a ƙarshen layi yana dariya, shi ne mai bindigar wutsiyar jirgin.

Tun lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa jiragen Jamus suka tare su a sama, wuta ta kama fiffike, jirgin ya fice daga layi yana juyi. Waɗanda ke kusa da su sun ce sun ga laimar dira daga jirgi uku ta buɗe. Uku, cikin mutum goma. Gwamnati ta buga wa uwar Emil waya cewa ɗanta ya ɓata. Verna ba wanda ya buga mata komai, don ita a takarda ba kowa ba ce. A layin sayen nama ta ji, wasu mata biyu suna hira a gabanta.

An daɗe da sanin mai laima ɗaya, matuƙin jirgin ne, yana hannun Jamusawa. Ga na biyu yau.

"Saura ɗaya, Mista Tubbs," ta ce. "Ta Emil ce."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau, ya jawo kati ya rubuta sunan Lowell Brandt.

*

Washegari Lahadi. Bayan coci suna tafe gida, mahaifinta Gunnar Lindahl a gaba, ita da mahaifiyarta Hulda a baya, suka bi ta gaban kotu, inda aka kafa farin allo mai sunayen yaran garin Tilford da ke yaƙi. Kowane suna da tauraronsa a gefe, shuɗi ga mai rai, ruwan zinariya ga wanda ya mutu. Verna ba ta taɓa wucewa ba ta duba ba.

Tauraron Emil ya zama zinariya. Fentin ko bushewa bai gama ba, har wani ƙuda ya maƙale a jiki yana ta fama da fiffike ɗaya.

Ba ta yi kuka ba. Hulda ta riƙe mata hannu ta ji shi kamar ƙarfe, ta raɗa mata cewa don Allah ta bari sai baƙo ya tafi.

Baƙon shi ne Delbert Crouse, ɗan mai rumbun alkama na bakin tasha, shugaban kwamitin allon. Likita ya ba shi takarda cewa tafin ƙafarsa shimfiɗaɗɗe ne, ba zai iya tafiyar soja ba. Tun da labarin jirgin ya zo bai fasa cin abincin Lahadi a gidan Lindahl ba, kuma ba ya zuwa hannu sake: yau sukari, gobe kofi, jibi katin fetur, duk abubuwan da sai da awo ake samu. Ranar ya zo da sabuwar rigar kwat, aljihunsa na dama ya kumbura da wani ɗan akwati.

Gunnar ya yi addu'a, ya yanka kaza. An miƙa dankali, an miƙa romo. Delbert yana yabon burodin Hulda sai Verna ta ajiye cokali.

"Wa ya kashe Emil Kubicek?"

Wuƙar Gunnar ta tsaya a cinyar kaza.

"Jamusawa ba su ce sun kashe shi ba. Gwamnati ɓata ta ce, ba mutuwa ba. Ina tambaya, wa ya kashe shi jiya da buroshin fenti?"

Delbert ya goge baki a hankali, ya ce, "Verna, masoyiyata, ki yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta."

"Ni ba masoyiyarka ba ce. Ashe ƙafar da ba ta iya tafiyar soja ta iya hawa tsani."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Hulda ta sa hannu a baki.

"Verna Ruth," in ji Gunnar, "a teburina kike."

"Na sani, Baba. A barandarka kuma ka tsayar da shi kamar mai talla, ko kujera ba ka ba shi ba."

Gunnar bai musa ba. Shi har gobe bai ga laifinsa ba. Yaron ɗan Katolika ne, 'yan Bohimiya na hayin layin dogo, masu kiwon alade da shan giya ranar Lahadi, ya zo neman 'yar dattijon cocin Lutha yana warin turke. Abin da ya faɗa masa a ranar ya sake maimaitawa yanzu a gaban baƙo, cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya laɓe bayan garma 'ya'yan mutane suna mutuwa ba.

"Shi kaɗai uwarsa ta haifa, doka ta ɗauke masa zuwa yaƙi," Verna ta ce. "Kai ka kira shi matsoraci, mako bai zagayo ba ya je ya rubuta sunansa. Yau kuma ga wanda ka zaɓa min." Ta nuna Delbert da haɓa. "Wannan bayan me ya laɓe?"

Gunnar ya daki tebur, kofuna suka yi tsalle, romo ya zube a farin mayafin Hulda. Ya ce ya gama magana da fasto, kafin Kirsimeti za a ɗaura mata aure da Delbert, in ta so ta tafi coci tana dariya, in ta so tana kuka, duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ce ba zai zuba ido 'yarsa ɗaya tilo ta tsufa tana gadin fatalwa ba.

Hulda ta fara hawaye, tana cewa Delbert yaron kirki ne, gidansu har da injin wanki, me mace take nema kuma? Ta ce ita ma ba son Gunnar take yi ba sa'ad da aka yi, ga shi sun zauna. Gunnar ya harare ta.

Sai Delbert ya naɗe tsumman goge bakinsa ya ajiye. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta farashin alkama, ya ce, "Ni na hau tsanin, ban ɓoye ba. Amma uwarsa ce ta aiko a canza. Ki je ki tambaye ta."

*

Ba ta ɗauki hula ba. Ta tsallaka layin dogo da takalmin coci, ta bi hanyar tsakuwa tsakanin karan masarar da aka girbe, tana tafe tana maimaita wa kanta cewa ƙarya yake yi.

Daga nesa ta ga tagar gidan Kubicek fayau. 'Yar tutar nan mai jan baki da farin ciki da shuɗin tauraro a tsakiya, wadda kowane gida mai ɗa ko miji a yaƙi yake ratayewa, babu ita.

Tutar tana kan teburin kicin. A gefenta an yanka tauraro daga wani ƙyalle mai ruwan zinariya, ga allura, ga zare. Ludmila Kubicek tana zaune gabansu da baƙin ɗankwali, hannuwanta a cinya. Ko da ta ga mai shigowa ba ta tashi ba.

"'Yar Lindahl," ta ce. "Ashe kin san hanya."

Verna ta durƙusa gefen kujerarta, kalmomi suna rige-rigen fita. Ta ba ta labarin rediyon Tubbs, da macen Jamus, da Lowell Brandt mai kunnuwa. Ta ce yana da rai, da kunnenta ta ji, ke nan laimomin gaskiya ne, saura ta uku.

"Albishir kika kawo min?" Ludmila ta tambaya. "Da laima uku nake da su. Sai suka zama biyu. Yau kin yi gudu tun daga gari ki faɗa min saura ɗaya. Duk sunan da tsohon nan ya tsinta, ni ƙofa ake rufe min."

"Misis Kubicek, ɗaya ai ta isa. Mutum ɗaya muke nema."

"Uwa takwas ke neman wannan ɗayar. Kin san inda ɗana yake zama a jirgin? Shi ya faɗa min da bakinsa yana dariya. Can ƙarshen wutsiya, a durƙushe kamar mai addu'a, wurin ba ya ɗaukar mutum da kaya. Laimarsa ba a jikinsa take ba, a bayansa ake ajiye ta. Sai ya ja da baya da rarrafe, ya lalubo ta, ya ɗaura, jirgi yana juyi yana cin wuta. Na kwana ina yi masa wannan rarrafen, yarinya, dare nawa ban sani ba. Ban taɓa kaiwa ƙofar ba."

Hawaye suka ɓalle wa Verna. Ta ce Emil yana da sauri, ta taɓa ganinsa ya kama ɗan alade a guje da hannu ɗaya. Da ta ji abin da ta faɗa sai ta ƙara fashewa da kuka.

Ludmila ba ta lallashe ta ba. Ta ce duk motar da ta karyo kwanar hanyar nan sai ta fita a guje da ƙullu a hannu. Ta ce har yau faranti biyu take jerawa. Fada, limamin cocinsu, ya ƙi yi masa addu'ar mamata, wai sai an tabbatar, ga shi ba ta iya roƙa masa dawowa, ba ta iya roƙa masa rahama, bakinta ya tsaya a tsakiya. Ta gaji. Tana so ta san me take, uwar soja ko uwar mamaci.

"Amma ba ki da iko ki yanke masa," Verna ta ce, ta ɗago da jajayen idanu. "In ya dawo ya tarar ke kika fara binne shi fa?"

Nan tsohuwar ta juyo gaba ɗaya.

"Ni ce ba ni da iko? Ni da na haife shi a ɗakin can, ubansa ya mutu na yi noma da shi a goye? Ke fa, me kika yi? Ranar da ubanki ya kira shi matsoraci kina ina? Ya ce min ya ga ƙafafunki a ƙarƙashin labule. Kina tsaye kina ji. Da kin fito kin kama hannunsa, da yanzu yana waje yana ba aladu dusa."

Verna ta dubi ƙafafunta. Gaskiya ne. Takalminta fari ne a ranar, ta tuna tana kallonsu.

"Ke yarinya ce," Ludmila ta ci gaba. "Za ki yi kuka shekara guda, ki auri ɗan mai rumbu, ki haifi 'ya'ya masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa. Ni ce zan zauna da tagar." Ta turo tutar gabanta. "Tunda kin zo, ki yi amfani. Idona ba ya ganin kafar allura, tun safe nake fama. An ce hannunki yana da kyau a ɗinki. Ɗora zinariyar a kan shuɗin, ki bar bakinsa ya ɗan leƙo, haka ake yi."

Verna ta ɗauki allurar. Zaren ya shiga a karon farko, abin ya ba ta haushi. Ta ɗora tauraron zinariya a kan shuɗin, ta daidaita ƙafafunsa biyar, ta kafa tsinin allura a na sama.

Agogon bango yana ta bugawa. A waje wani alade yana goga jikinsa a shinge.

Ta zare allurar ta soke ta a mayafin tebur. Ta ɗage zinariyar ta ajiye a gefe, ta naɗe tutar, ta cusa a cikin kwat ɗinta.

"Na tsaya bayan labule sau ɗaya," ta ce. "In kin gaji da jira, ki huta. Ni zan karɓa."

"Ajiye min kayana. Wannan ta uwa ce, ko ta matar aure. Ke wace ce?"

"Duk wanda ya gani sai ya zaɓa min."

Ludmila ta kira ta ɓarauniya, ta kira ta 'yar ubanta, ta ƙara da wata kalma a yarensu wadda Verna ba ta sani ba. Amma ba ta tashi daga kujerar ba. Sai da Verna ta kai bakin ƙofa ta ji muryar a bayanta.

"Kada ki sa ta inda ranar yamma take bugawa. Shuɗin yana koɗewa."

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ta shigo layinsu. Mutane sun fito baranda kamar kowace Lahadi, maza da jarida, mata da saƙa. Motar Delbert tana nan a ƙofar gida.

Yana falo, faranti a gwiwa ɗaya, ɗan akwatin zoben a ɗayar. Gunnar yana tsaye jikin murhu. Hulda ta taso da sauri tana cewa Allah ya sa ta ji da kunnenta yanzu, hankalinta ya kwanta.

Verna ta wuce su. Ta je babbar tagar gaba, mai kallon gabas da titi, ta sauke tukunyar furen mahaifiyarta, ta yaye labulen gefe guda. Ta warware tutar ta rataye igiyarta a maƙallin taga, ta shafe ta da tafin hannu har ta kwanta a jikin gilashi.

Hulda ce ta fara gane abin da ake yi. Ta kama hannun 'yarta tana kuka, tana cewa ta rufa musu asiri. Gidan da ba ɗa namiji, in an ga wannan me za a ce? Za a ce ta yi aure a ɓoye a cocin Katolika. Waɗanda ba su da kirki kuma za su ce abin da ya fi haka, su fara ƙirga watanni suna kallon cikinta. Ba namijin da zai ƙara taka barandar nan.

"Shi nake so, Mama," in ji Verna.

Delbert ya ajiye faranti. Laushin muryar nan duk ya tafi.

"Ina zaune a nan da raina da lafiyata, da zobe a hannu, kin tsallake ni kin zaɓi gawa? Na yi haƙuri da ke wata da watanni. Sukarin da ke cikin kofin ubanki nawa ne."

"To ka auri kofin."

Gunnar ya baro murhu. Bai ɗaga murya ba, kuma Hulda ta fi tsoron hakan.

"Cire ta."

"A'a, Baba."

"In tsumman nan ya kwana a tagata, ke ba za ki kwana a gidana ba. Ki koma hayin dogo su ba ki wuri kusa da aladu."

"Kai ka tura shi. Ka aike shi ya mutu don ya isa zama a kujerarka. To ga shi ya shigo falonka, ka kore shi karo na biyu, amma da hannunka. Ni ba zan cire ba."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Gunnar ya taka zuwa tagar, ya ɗaga hannu, yatsunsa suka kama igiyar. A nan ya tsaya.

Titi duka yana kallonsa. Jaridu sun sauka, allurar saƙa ta tsaya. A garin Tilford ba a taɓa ganin mutum ya fizge tauraron soja daga taga ba, kuma rabin waɗanda ke barandun nan a shagonsa suke sayen ƙusa da fenti. Hannun ya ƙi sauka, ya ƙi ja.

Misis Overby ta gidan da ke fuskantarsu ta ajiye saƙarta. A tagarta taurari biyu ne, ɗaya shuɗi, ɗaya zinariya tun bara. Ta sauko daga baranda a hankali saboda ciwon gwiwa, ta tsallako titi, ta tsaya a bakin shingensu tana gyara tabarau. Ta dubi tutar, ta dubi Verna, ta dubi hannun da ke riƙe da igiya.

"Gunnar," ta ce, muryarta ta shigo ta ƙofar da Verna ta bari a buɗe, "ku da ba ku da ɗa namiji, wa kuka ba yaƙin nan?"